Amsar Baffa kan kwale-kwalen filawud da tabkin Bosomtwe

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce za ka haɗa ƙaramin kwale-kwale na filawud a tsakar gida nan Aboabo, ka kai shi Bosomtwe, kana tambaya ko da gaske al'ada ta hana.

Da gaske ne. Asantawa na girmama wannan tabki, suna cewa can rayukan mamatansu ke zuwa ban kwana, kuma ba a son ƙarfe ya taɓa ruwan. Shi ya sa masuntan wurin ke hawa faffaɗan katako da suke kira padua, suna tuƙi da hannu ko da sakaina. Yau za ka ga jirgi mai inji yana ɗaukar baƙi a Abono, amma wannan bai zama izininka ba. Aƙidarsu ba tamu ba ce, sai dai ruwan da masu shi. Ka je wurin odikro, wato dagacin garin, ta hannun mai magana da yawunsa. Su kwalbar giya suka saba karɓa; kai ka miƙa kuɗin gaisuwa a madadinta, ka faɗi dalili. In ya ce a'a, ka nemi wani ruwan.

Abin da zai taimaki roƙonka shi ne jirgin da babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, kuma dama shi ya fi ƙarko, don ƙusa na tsatsa ta ruɓar da katakon da ke kewaye da ita.

Ka je kasuwar katako ta Sokoban ka nemi filawud na ruwa, ba na silin ba. Kada ka tsaya ga bakin mai sayarwa. Yanki guntu ka tafasa shi awa guda. In ya ɓare falle-falle, gam ɗinsa na banza ne. Jirgi mai shimfiɗaɗɗen gindi, tsawon ƙafa 12, zai ci falle 2 masu kaurin milimita 6 na gefuna, da falle 2 masu milimita 9 na gindi da bangon baya. Falle ƙafa 8 ne kawai, dole a yi ƙari: ka fere bakin kowanne a karkace, tsawon firar ya ninka kaurin sau 8, wajen santimita 5 ke nan ga mai milimita 6, ka manne, ka danne da bulo ya kwana.

Sai ɗinki, wato haɗa gefuna da gindi. Huda ramuka santimita 1 daga baki, tazarar santimita 15, ka ɗaure da wayar jan ƙarfe ko maɗaurin roba na masu wayarin. Kada ka tsananta ɗauri tun farko. Sai ka auna daga kusurwa zuwa kusurwa ka ga tsawon ya zo daidai, in ba haka ba jirgin zai murɗe, ya riƙa ja gefe guda har ƙarshen ransa.

Gam ɗin ifoksi ne, wanda ake kwaɓawa da maganin daskarewa, wajen lita 6. Akwai mai arha na masu gyaran tankin ruwa, foliyesta, bar shi, ba ya kama katako da kyau. Ka bi ma'aunin jikin gwangwani ƙeƙe-da-ƙeƙe. Ƙara maganin daskarewa ba ya sa saurin bushewa, sai dai ya bar shi da danƙo. Da zafin Kumasi, kwaɓa rabin kofi kawai a lokaci guda, da sassafe, don mai yawa yakan ɗau zafi ya sandare cikin kofin. Zuba masa garin katako ya yi kaurin tunkuza, cike kusurwoyi tsakanin ɗauri da ɗauri. Washegari ka zare wayoyin duka, ka cike gurbinsu, ka shimfiɗa ƙyallen faiba, wato saƙar zaren gilashi, mai faɗin santimita 10 a kan kusurwoyin ciki da waje. Bakin filawud ya sha ifoksi sau 3, ta nan ruwa ke shiga. Sannan fenti, don rana na cin ifoksi.

Tsakiyar Bosomtwe ta haura mita 70 zurfi. Ɗaure galan 2 marasa komai ƙarƙashin mazauni da igiya, ka sa rigar ceto, gwajin farko kuma a ruwan da bai wuce ƙugunka ba.

Ka gaida mahaifiyarka.