Ƙafafun Inna sun sake kumbura: mu ƙara mata Lasix?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Kakata mai shekara 82 tana zaune a wani rubaɗi, wato gidan tsofaffi, a Jidda, kuma tana da ciwon gazawar zuciya. An ɗora ta a kan Lasix, mai fitar da ruwan jiki ta fitsari, da Concor, mai rage gudun bugun zuciya, da spironolactone, shi ma mai rage ruwan jiki. Mako biyu ke nan maƙwabciyarta take ba ta Voltaren saboda ciwon gwiwa, ga shi ƙafafunta sun sake kumbura. Takan kuma ƙi shan Lasix wai yana yawan karya mata alwala. Mu ninka mata ƙwayar ne?
Daga wata mai karatu, Jidda

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Kada ku ninka, Voltaren ɗin za ku ɗauke yau. Shi da Brufen suna sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, sai su warware aikin Lasix. Idan kuma suka haɗu da spironolactone, sinadarin fotasiyam yakan hau a jini har ya rikita bugun zuciya. A ba ta Panadol na haɗiya, kada ya wuce giram 3 a yini, ƙasa da haka in ba ta kai kilo 50 ba. Ban da mai narkewa a ruwa, gishiri gare shi. Cikin makon nan a gwada mata jinin ƙoda da fotasiyam.

Kukanta na alwala abin dubawa ne, kada a yi mata faɗa. Lasix yakan fara aiki cikin awa ɗaya, ya lafa bayan kamar awa 6. In ta sha da idar da sallar Asuba, kafin Azahar fitsarin ya yi sauƙi.

Ku saya mata sikeli. Kowace safiya ta hau bayan ta kama ruwa, kafin kari, a rubuta. Ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ya taru, a kai ta wurin likitanta. Ku lura da abincin da kuke kai mata ziyara: kanwa da dunƙulen magi duk suna tara ruwa, haka ma irƙisus, abin shan nan na saiwar licorice da ake sha da azumi.

Concor ba a yanke shi farat ɗaya. Idan bugunta ya sauka ƙasa da 50 a minti, ko gudawa ta kama ta cikin zafin nan, ku kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, kafin ta sha magani na gaba. In numfashi ya sarƙe ta kasa kwanciya, 997, lambar motar asibiti, za ku buga nan take.