Indy 500: in biya kuɗin fakin a cikin fili ko in bar motar a waje?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ina zaune ne a Kolumbus ta jihar Ohayo, bana na yi niyyar kai iyali kallon Indy 500, tseren motocin nan da ake yi a Indiyanapolis, ni da mai ɗakina da yara biyu sai kawuna da ya zo mana ziyara, shi kuma yana fama da gwiwa. Na shiga zan sayi tikiti sai na ga wai fakin a cikin filin kuɗinsa daban, alhali wani dattijon bature abokin aikina ya ce min su da can kyauta suke shiga da mota. Wannan ba cuta ba ce kuwa? Kuma in na biya za mu iya kallon tseren daga jikin mota?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa kawu lafiya. Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba. Shekara da shekaru tikitin shiga kawai mutum zai saya, mota kuwa ka shigo da abarka ka ajiye inda ka samu, wanda ya riga ya riga. Shi ya sa tun daren Asabar motoci ke jera layi a titi na 16 da titin Georgetown, mutane su kwana a mota, da asuba a harba wata bindiga mai ƙara kamar igwa alamar an buɗe geti, sai ka ga an kwasa a guje kowa na neman bakin wayar shingen titin tseren. Tun wajen 2013 aka fara sayar da wuraren ajiye mota na ciki, yanzu kuma in ba ka da takardar fakin a hannu ranar tseren kar ma ka doshi ƙofar shiga da mota, juyo ka za su yi. Igwar dai har yau ana harba ta, ƙarfe 6 na safe.

Ko cuta ce? Ni dai ban kira ta cuta ba, duk da na san tsofaffin 'yan kallo har yanzu suna jin haushi kuma ina fahimtarsu, abin da ka saba samu kyauta in aka sa masa farashi dole ya yi ciwo. Amma ka duba lissafin. Mutum sama da dubu 300 ke taruwa a wurin nan rana ɗaya, Lahadin hutun tunawa da sojoji a ƙarshen watan Mayu, kuma duk motar da za ta shiga tsakiya sai ta bi ta hanyar ƙarƙashin ƙasa da ta ratsa ƙasan titin tseren, hanyoyin nan kuma 'yan kaɗan ne. Da can mutum zai kwana a layi ya iso geti a ce masa ciki ya cika. Yanzu an san adadin motocin tun kafin ranar, kai ma ka san kana da wuri. Kuɗi kam suna samu ba musu, wurin ba na gwamnati ba ne, na Roger Penske ne tun farkon 2020 da ya saye shi daga iyalan Hulman waɗanda ke riƙe da shi tun 1945, kasuwanci ne tsagwaronsa.

Abin da ya fi kama sababbin zuwa shi ne wannan, kuma ka riƙe shi da kyau: takardar fakin ta mota ce kawai. Ku biyar ɗin nan kowa sai an duba shigarsa a geti, takardar motar ba ta shigar da ko direba. Ga yara ƙanana akan yi sassauci a tikitin tsayuwa na cikin fili in suna tare da babba, ka duba sharaɗin shekarun a shafin filin kafin ka biya, amma kujerar rumfa ko jinjiri ne ya tare wuri sai an saya masa.

To zancen kallo daga jikin mota, nan ne zan ɗan kashe maka gwiwa. Mutane suna ganin abin a talabijin su ɗauka kamar filin ƙwallo ne. Zagaye ɗaya mil 2.5 ne, wato kilomita 4, tsakiyar kuma eka 253, ta ninka ƙasar Batikan sau biyu har da ɗori, a ciki akwai gidan tarihi, akwai garejojin motocin, akwai ramuka huɗu na filin wasan golf. Ba inda za ka tsaya a ƙasa ka ga zagayen duka, ko a rumfunan sama ma ba ka gani gaba ɗaya. Motocin 33 suna gudun sama da mil 220 a awa, zagaye ɗaya kusan daƙiƙa 40, kai da ke ciki abin da za ka samu shi ne ƙara ta taho ta daki ƙirjinka, launuka su gifta fuuu, shikenan sai ka jira su sake dawowa, haka har sau 200. In ba layin gaba na jikin waya ka samu ba, wanda ya fi tsada kuma shi ke fara ƙarewa, to gabanka motocin mutane ne da rumfunan tamfol da hayaƙin gashi. Dole ku taka zuwa tudun ciyawa da aka tara don 'yan kallo ku shimfiɗa tabarma, ga manyan allunan bidiyo, ka kuma riƙe ƙaramar rediyo da abin kunne in kana so ka san wa ke gaba.

Kenan abin da kuɗin fakin ɗin ke saya maka masauki ne, kuma ga mai iyali irinka ba ƙaramin abu ba ne. Filin suna barin mutum ya shigo da abincinsa da abin shansa, banda kwalba, wanda ya ajiye mota a waje sai ya ɗauko kula a kafaɗa ya yi tafiyar mil guda ko fiye cikin rana kuma akwai iyakar girman kular da za su bari ta wuce geti. Kai kuwa but ɗinka shi ne kicin, madam ta yo dafa-duka da soyayyen nama tun dare, ruwa katan biyu, kujerun ninkewa, kawu in zafi ya dame shi ya shiga mota a kunna masa sanyi na minti goma. Ga sallah, ana sakin motoci wajen ƙarfe 12:45, azahar kuma a Indiyanapolis ƙarshen Mayu tana shiga wajen biyu saura, tsakiyar tsere kenan, a gefen motarka za ka yi alwala da gora ka shimfiɗa darduma hankali kwance, wanda ke tsakiyar benci a rumfa sai ya tsallake ƙafafun mutum ashirin tukuna. Sannan ruwan sama. Ba a yin wannan tseren a jiƙaƙƙen titi, a 2024 sai da aka jinkirta awa huɗu saboda hadari har aka ce mutane su sauka daga rumfuna, ranar duk mai mota a kusa shi ne sarki.

Farashin da za ka biya wanda ba a rubuta a takarda ba shi ne lokaci. Shekarar da na fara shiga da mota na yi wayon banza, na ce tunda ina da takarda ai wurina na nan, na fito daga masauki wajen tara. Wallahi sama da awa biyu ina kallon bayan wata farar akori-kura, ina jin makaɗan fareti daga nesa, masu tafiya a ƙasa da kula a ka suna wuce ni suna ɗaga min hannu. Daga Kolumbus ta babban titin I-70 tafiyar kusan awa uku ce, in ranar za ku taso to ku bar gida kafin ƙarfe huɗu ku yi asuba a hanya, in da hali ma ku kwana a kusa, sai dai otal a wannan makon wuta yake. Kuma takardar tana faɗin ƙofar da za ka bi, ka bi ta ɗin, kar ka biye wa taswirar waya domin 'yan sanda suna rufe tituna su mai da wasu hanya ɗaya, masu rawayar riga da ke tsaron filin kuma ba a jayayya da su, usur kawai za su busa maka.

Fita ta fi shiga wuya. Ana gamawa wanda ya ci ya sha madararsa kamar yadda al'adar tseren take, ba a sakin motoci sai masu ƙafa sun ragu a tituna, ku na ciki kuma ku ne ƙarshe tunda ramin da kuka shigo ta shi za ku fita. In an sake ku ma ba inda kake so za ka nufa ba, inda aka nuna maka za ka bi har sai ka yi nisa. Ni yanzu ba na ko tada mota, sai in fito da sauran abinci mu ci, mu yi la'asar, Litinin ai hutu ce.

Wani abu kuma saboda yara. A wajen kwana ta uku ta titin tseren akwai wurin da suke kira Snake Pit, ramin macizai kenan, casu ne na matasa da kiɗa tun safe, tikitinsa daban kuma ba a shigar da yara, amma hayaniyar da shaye-shayen ba su tsaya iya shingensa ba. Giya dai ko'ina za ka gan ta a filin, sai dai wani gefen ya fi wani, in kana da zaɓi ka nemi wurin da ya yi nisa da nan. Ka kuma saya musu abin toshe kunne na kirki, irin mai rufe kunnen gaba ɗaya.

Da ni ne kai, da kawu mai ciwon gwiwa da yara biyu, zan biya na cikin, in haɗa da tikitin tsayuwa, in ɗauke shi a matsayin yinin shaƙatawa da ƙarar injin a gefe. Rumfa ta fi kallo nesa ba kusa ba amma matakala ce da bencin ƙarfe, layin ƙasa da ba hawa kuma shi ya fi rashin gani. Akwai fakin na masu lalura sai dai yana buƙatar katin shaida da jiha ke bayarwa, baƙo mai ziyara da wuya ya kasance da shi. In ka tarar na cikin ya ƙare, domin watanni kafin Mayu yake ƙarewa, kar ka sayi hoton takarda a hannun wanda ba ka sani ba a Facebook. Mutanen unguwar Speedway da ke maƙwabtaka da filin kusan kowane gida suna buɗe ciyawar ƙofar gidansu ranar, yaro na tsaye da kwali an rubuta farashi, ka riƙe tsabar kuɗi, kuma kafin ka miƙa ka tambayi mai gidan ko za a toshe ka da wasu motoci. Sai ka fara sauke kawu da madam a kusa da geti iya inda 'yan sanda suka bari, ka ɗauki hoton lambar gidan da sunan titin, domin da yamma duk gidajen kama suke yi.