Amsa ga ɗana kan ƙaddamarwa, buɗewa da tashi

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonka ya iso gare ni. Ka ce kun kammala shagon ɗinkin da kai da abokanka kuka yi karo-karo kuka gina a bakin kasuwar Ringim, amma kanku ya rabu a kan abin da za a rubuta a katin gayyata: wasu sun ce bikin ƙaddamarwa, wasu sun ce bikin buɗewa, har wani ya kawo shawarar a ce tashin sabon shago. Kana so ka san wanne ne daidai, da kuma yadda iyayenmu suke yi idan za su soma sabon abu.

Zan fara da tashi, domin ita ce za ta iya jawo muku abin faɗa. A bakinmu, abin da yake tashi shi ne wanda yake barin inda yake. Tsuntsu yana tashi, ayarin fatake yana tashi da asuba idan madugu ya ba da umarni, mota tana tashi daga tasha idan ta cika. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma jiragen sama na farko suka sauka a 1925, mutanenmu ba su nemi sabuwar kalma ba. Jirgi dai sun san shi tun a kan ruwa, sai suka ce na ƙasa, suka ce na sama, suka bar masa tashi da sauka kamar yadda suke faɗa wa shaho da balbela. Ina yaro, idan jirgin Nguru ya yi kuka a tashar Ringim, za ka ga masu tallar dafaffen ƙwai da rake suna bin tagogi da gudu, suna miƙa canji, ana ta cewa ya tashi, Allah ya sauke ku lafiya. Kada kuma kamar da ke tsakanin tasha da tashi ta ruɗe ka, domin tasha aro ce daga Turanci.

To amma ka lura da ɗaya fuskar kalmar. Idan aka ce kasuwa ta tashi, ana nufin an watse. Idan aka ce ƙauye ya tashi, ya zama kufai ke nan. Saboda haka duk dattijon da ya karanta tashin shago a katinku zai ɗauka kun kwashe kekunan ɗinkinku kun bar gari, kuma ba a soma sana'a da irin wannan furuci.

Harbawa ba ta shafe ku ba, sai dai tun da muna jin ta a rediyo, ka sani daga kwari da baka aka ɗauko ta. Abin da aka harba ƙarfin wani ne ya cilla shi, shi ya sa aka ce an harba tauraron ɗan Adam na farko na Najeriya daga Rasha a 2003.

Ƙaddamarwa kuwa daga Larabci ta shigo mana, ma'anarta gabatar da abu a gaban jama'a, kuma asalinsu ɗaya da muƙaddimar littafi. Kalma ce mai daraja, ta dace da gwamna idan zai ƙaddamar da aikin hanya, ko marubuci da sabon littafinsa, ko ƙungiya da asusunta. Sai dai a yau ta ɗauki wani nauyi da ba ka faɗa ba amma kowa zai ji shi: an kafa rumfa, an jera kujeru, an kira babban mai ƙaddamarwa, ana shelar abin da kowa ya bayar ta lasifika. Wanda ya ga wannan kalma a kati ya san da aljihunsa ake magana, kuma talakan da ba shi da abin bayarwa, wanda shi ne zai riƙa kawo muku ɗinkin salla, kunya za ta hana shi zuwa. Wannan shi ne abin da nake guje muku.

Iyayenmu ba su da biki mai wannan suna. Na ga ranar da kakanka ya sa sabon kwalekwalensa a kogin Haɗejiya. Da hantsi aka kira liman da maƙwabta, aka ajiye ƙwaryar gumba da goro a kan tabarma, liman ya karanta addu'ar da Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi sa'ad da zai shiga jirgi, aka shafa Fatiha, sannan matasa suka kama gefe da gefe suka tura shi ruwa. Yara suka cinye gumbar, kuma waɗanda aka fara ƙetarewa da su ba a karɓi ko kwabo a hannunsu ba. Abin da aka ce kawai shi ne an sa wa jirgi albarka. Haka ake yi wa sabon ɗaki, da sabuwar rijiya, da rumfar kasuwa: mai abu shi ne yake fitar da sadaka, jama'a kuma su kawo addu'a.

Shawarata ita ce ku rubuta addu'ar buɗe shago, domin shago ƙofa gare shi, buɗe ta ake yi. Ku sa lokacin da hantsi, kafin kasuwa ta cika, ku je da ƙafarku ku sanar da liman da mai unguwa da sarkin kasuwa kafin kati ya riske su. Goro na ɗauke muku, kuma in Allah ya yarda zan taho da yadin da za ku fara yanka.