Tambaya da Amsa: Shin a Cikin Kwamfuta Muke Rayuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ta kaure a fadarmu wajen shan shayi. Wani abokinmu ya dage cewa masana sun tabbatar duniyar nan shiri ce da ke gudana cikin wata babbar kwamfuta, kamar wasan waya. Mene ne gaskiyar lamarin? Daga wani ɗalibi, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu wanda ya tabbatar da haka. Wanda ya tsara maganar shi ne Nick Bostrom, masanin falsafa, a 2003 lokacin yana Jami'ar Okisfod ta Ingila, kuma abin da ya ce ɗayan uku ne: ko al'ummomi su ƙare kafin su iya ƙera irin wannan kwamfuta, ko su iya amma su ƙi, ko kuwa su ƙera duniyoyin kwaikwayo masu yawan gaske har mazauna cikinsu su rinjayi na waje. In na ukun ne, lissafi ya fi karkata ga cewa muna ciki. Hujja ce ta tunani, ba a auna komi ba.

Mu dubi kwaikwayon da muke da shi a hannu, wato hasashen yanayi. Ana yanka sararin sama gida-gida kamar allon dara, a ba kowane gida zafinsa, danshinsa da ƙarfin iskarsa, kwamfuta ta lissafa abin da zai faru bayan 'yan mintoci, ta sake, ta kuma sakewa. A cibiyar hasashe ta Turai faɗin kowane gida wajen kilomita 9 ne. Hadarin da bai kai wannan girma ba kintatarsa ake yi, shi ya sa ruwa zai sauka a Tibiri ya tsallake Jiratawa, hasashen bai bambance ba. Akwai kuma matsalar yanke lamba. A 1961 masanin yanayi Edward Lorenz ya shigar da 0.506 a madadin 0.506127, sai yanayin da na'urarsa ta fitar ya kauce gaba ɗaya.

Inda abin ya fi tsanani shi ne ƙananan ƙwayoyin da ke cikin zarra irin su ilektiron. Duk ƙwaya ɗaya da ka ƙara, lambobin da za a adana ninkawa suke yi sau biyu. Ƙwaya 50 kacal, in ana son cikakken halinsu, za su ci giga wajen miliyan 18, wato wayoyi masu giga 64 fiye da 280,000. Idan suka kai 300, lambobin sun zarce yawan ƙwayoyin zarra da ke cikin duk sararin da ake iya hangowa, waɗanda aka kiyasta da 1 mai sifiri 80 a bayansa. To ina za a ajiye su?

Masu ra'ayin kan amsa cewa kwamfutar tana wata duniya mai dokoki dabam, ko kuwa abin da ake kallo kawai take zanawa. A ganinmu nan ne maganar ta fita daga hannun kimiyya, domin duk abin da ka auna za a ce maka haka aka tsara ka gani. An dai gwada neman alama: a 2012 Silas Beane, masanin kimiyya da ke Jami'ar Bon ta Jamus a lokacin, da abokan aikinsa suka ce in sarari raga ne mai gidaje, ƙwayoyi mafi ƙarfi da ke faɗowa daga sama za su fifita wasu kusurwoyi daidai da tsarin ragar. Ba a ga alamar ragar ba.

Sai abin da ya fi damunmu, wanda masu yaɗa zancen a Facebook ke tsallakewa. Hujjar Bostrom ta jingina ne kan zaton cewa mutumin da aka lissafa cikin na'ura zai ji yunwa da zafi kamar yadda kake ji, alhali ruwan da ke cikin hasashe bai taɓa jiƙa gonar gero ba. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86. Tsutsar da aka fi nazarta tana da 302 kawai, an fitar da taswirar haɗinsu tun 1986, kuma har yau ba a samu kwaikwayon da ke yin duk abin da take yi ba. Ƙwaƙwalwar ƙudan 'ya'yan itace, mai ƙwayoyin jijiya wajen 140,000, sai a 2024 aka kammala taswirarta. Ka kai wa abokinka waɗannan lambobi, ka tambaye shi wane masani ne ya tabbatar, kuma da wane awo.