Kwamitin da ya ƙwace tikitin shugaban ƙasa daga hannun manyan jam'iyya

Malam, ka tambayi wane lamari ne ya sauya siyasar Amurka amma ba a cika ambatonsa ba. Ni dai zan ce kwamitin McGovern da Fraser (Sanata George McGovern da ɗan majalisa Donald Fraser ne suka shugabance shi), wanda jam'iyyar Democrat ta kafa bayan zaɓen 1968.

Kafin lokacin, ba talakawan jam'iyya ke fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa ba. Jihohin da ke zaɓen fitar da gwani ba su kai 20 ba, a wasu ma sakamakon bai ɗaure daliget ba. Gwamnoni da shugabannin ƙwadago da magadan gari irin su Richard Daley na Chicago, su ke riƙe da daliget a aljihu. Shi ya sa Hubert Humphrey, mataimakin Shugaba Johnson, ya samu tikiti a 1968 ba tare da ya tsaya zaɓen fitar da gwani ko ɗaya ba, alhali Eugene McCarthy da Robert Kennedy, masu adawa da yaƙin Biyetnam, su suka sha fafatawar. An harbe Kennedy a Los Angeles a watan Yuni. A Agusta kuma, ana tsaka da babban taron jam'iyya, 'yan sanda suka yi ta jibgar masu zanga-zanga a titunan Chicago, ana nunawa a talabijin.

Don a kwantar da ƙura aka kafa kwamitin. Ƙa'idojinsa 18 kamar ba su da wani armashi: a sanar da rana da wurin taron zaɓen daliget, kada a zaɓe su kafin shekarar zaɓe, ba jefa ƙuri'a a madadin wani, ba mai zama daliget don muƙaminsa kawai, kwamitin jam'iyya na jiha kada ya naɗa fiye da kashi 10 cikin ɗari, sannan a ba mata da matasa da baƙar fata gurbi daidai da yawansu.

Inda abin ya ɗauki wata hanya shi ne, kwamitin bai tilasta zaɓen fitar da gwani ba. Jihohi ne suka ga cika waɗannan sharuɗɗa a tarukan gunduma wahala ce, ga fargabar a ƙi karɓar daliget ɗinsu, sai suka koma 'yar tinƙe. Da yake majalisun jihohi ne suka mai da shi doka, 'yan Republican ma tsarin ya haɗa da su, ba tare da sun nema ba.

McGovern da kansa ya fara cin gajiyar ƙa'idojin a 1972, amma manyan jam'iyya suka juya masa baya, Shugaba Richard Nixon na Republican ya kayar da shi a jihohi 49. A 1976 Jimmy Carter, tsohon gwamnan Georgia da ba kowa ya san shi ba, ya tare tun da wuri a Iowa, jihar da aka fara zaɓen daliget, ya ci tikiti, ya ci kujerar.

Manya sun yi yunƙurin dawo da ikonsu. A Democrat, kwamitin Jim Hunt, gwamnan North Carolina na lokacin, ya ware wa gwamnoni da 'yan majalisa da jagororin jam'iyya kujerun daliget a 1982, su zaɓi wanda suka ga dama. A 2018 aka hana su ƙuri'a a zagayen farko na babban taron jam'iyya, bayan ƙorafin magoya bayan Sanata Bernie Sanders, wanda ya nemi tikiti a 2016. Su kuwa Republican, jihohinsu da dama na miƙa daliget kaf ga wanda ya zo na ɗaya ko bai kai rabi ba. Wannan ya taimaki Trump a 2016, abokan hamayyarsa na raba ƙuri'a tsakaninsu, shugabannin jam'iyya kuma ba su da hanyar tare shi.