Yadda ake samun mai zane don littafin ƙananan yara

Tambaya: Ni malamar firamare ce, kuma na rubuta gajerun labarai da Hausa domin yara 'yan shekara 3 zuwa 6. Ina so in mayar da su littattafai masu hotuna, sai dai ban iya zane ba, ban kuma san inda zan samu wanda za mu yi aikin tare ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, kafin ki nemi kowa, ki tsayar da shawara kan wanda zai buga littafin. Idan kamfanin ɗab'i za ki kai wa, to bisa al'adar manyan kamfanoni a Ingila da Amurka, su ne ke zaɓen mai zane su kuma biya shi, har ma ba su cika son marubuci ya zo musu da hotunan da ya riga ya sa aka zana ba. Idan kuwa da kuɗinki za ki buga, kamar yadda akasarin marubutanmu ke yi, to nauyin neman mai zane ya hau kanki.

Abin da za ki nema ya wuce iya zane kawai. Yaron da bai fara haɗa baƙi ba hoto yake karantawa, saboda haka rabin labarin a hannun mai zane yake. Akwai masu zana fuskar mutum har ka rantse hoto aka ɗauka, amma idan aka ce su zana yarinya guda a shafuka goma sha biyu, tana dariya a nan, tana kuka a can, tana gudu ta juya baya a wani wurin, sai ka ga kamanninta na sauyawa daga shafi zuwa shafi. Yara kuwa ba su yafe irin wannan, nan take za su ce ai wannan ba ita ba ce. Don haka idan kina duba ayyukan mutum, ki nemi inda ya zana mutum ɗaya ko dabba ɗaya sau da yawa a yanayi daban-daban, ki kuma lura ko hotunansa na iya ba da labari ko da an rufe rubutun.

Sai kuma sanin gida. Idan labarinki a ƙauyen Hausa ya faru, dole ne mai zanen ya san fasalin zaure da rumbu, da yadda ake ɗaura kallabi da goyo, da yadda ɗalibi ke riƙe allo. A ganina wannan ya fi ƙwarewa a kwamfuta muhimmanci, domin ana koyon manhaja cikin 'yan watanni. Wanda ba ɗan ƙasa ba ma zai iya, matuƙar za ki tara masa hotunan wurare da tufafi, shi kuma ya yarda a yi masa gyara.

Wajen nema, ki fara da makarantun da ke koyar da zane. Sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya yana cikin mafi daɗewa a Najeriya, kuma ɗaliban ajin ƙarshe kan baje kolin ayyukansu. Kwalejojin ilimi da na fasaha da dama ma suna da irin wannan sashe. A intanet, masu zane kan nuna ayyukansu a Instagram da Behance. Akwai kuma African Storybook, shirin da ƙungiyar Saide ta Afirka ta Kudu ke gudanarwa, mai ɗauke da littattafan yara kyauta a harsunan Afirka har da Hausa, kuma kowane littafi yana ɗauke da sunan wanda ya zana shi. Ki tambayi marubutan reshen ƙungiyar marubuta ta Najeriya, wato ANA, na jiharku, domin su ne za su faɗa miki wanda ke cika alkawari.

Idan kin samu mutum biyu ko uku, ki ba kowannensu aikin gwaji, ki kuma biya shi ladansa: ya zana jarumar labarin a yanayi uku, sannan ya zana shafuka biyu masu fuskantar juna. Wanda kika zaɓa, kada ya fara saka launi tukuna. Littafin hotuna yawanci shafi 32 ne, wani lokaci 24, saboda maɗaba'a na buga shafuka takwas ko goma sha shida a kan babbar takarda guda a naɗe ta. Ku rarraba labarin a kan waɗannan shafuka, ya yi zanen fensir na littafin baki ɗaya tare da barin gurbin rubutu, ku daidaita a nan, domin gyara bayan an saka launi tsada gare shi kuma shi ke haddasa saɓani. Ki kuma sakar masa mara. Duk abin da hoto ya nuna, babu buƙatar jimla ta maimaita shi, kuma kada ki yi mamaki idan kika ga kin zubar da wasu layukan da kike ji da su.

Maganar kuɗi da haƙƙin mallaka a rubuce ake yin ta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani ba ya inganta sai da rubutu, ke nan biyan kuɗin aiki kaɗai bai mayar da zanen mallakinki ba. Yarjejeniyar ta fayyace adadin hotuna, da ranar miƙawa, da yawan gyaran da aka amince, da ko biya ɗaya ne ko kaso daga ciniki, da ko za ki iya amfani da hotunan idan an fassara littafin ko an sa shi a intanet. Ki raba biyan kashi uku: kafin alƙalami, da bayan zanen fensir, da ranar kammalawa. Sunansa kuma ya fito a bango kusa da naki.

Kafin a kai maɗaba'a, ki tabbatar an miƙa hotunan da ƙarfin 300 dpi (ma'aunin kaifin hoto) a tsarin launi na CMYK, wanda maɗaba'a ke bugu da shi, kuma salon haruffan da aka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, domin da yawa daga cikin masu kyan gani ba su da su. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar littafi, a Ɗakin Karatu na Ƙasa ake neman ta.