Alawa da biskit a kwanon ɗan makaranta: amsoshin likita ga iyayen Kumasi

Tun da yara suka koma makaranta, yawancin saƙonnin da iyaye ke aiko mini a kan dokar hana kayan zaƙi ne. Ga huɗu daga ciki.

Wata uwa daga Aboabo ta ce: "Likita, makarantar 'yata ta aiko da takarda wai kada mu ƙara sa mata alawa da biskit da lemon kwali. Alawa ɗaya ko biyu me za ta yi wa yarinya?"

Hajiya, ina bayan makarantar a nan. A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ke cin sukari su fitar da wani ruwa mai tsami, shi ne ke cinye bayan haƙori sannu a hankali har ya yi rami. Bayan kowane zaƙi, yawu yana buƙatar lokaci kafin ya wanke tsamin. Yarinyar da ta tsotsi alawa a hanya, ta sha lemo lokacin tara, ta ci biskit bayan an tashi, haƙoranta ba su huta ba duk yini. Yawan maimaitawar ne ke yin ɓarna, shi ya sa zaƙin da aka ci tare da abinci a gida ya fi sauƙi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ga ɗan firamare, wannan bai wuce kamar cokalin shayi 10 ba, alhali gwangwanin lemo ɗaya mai mililita 330 yana ɗauke da kusan cokali 9. Lemon kwali mai hoton 'ya'yan itace ma yana cikin wannan lissafi. Gwamnatin Ghana kanta ta sa harajin kashi 20 cikin 100 a kan lemuka masu zaƙi a 2023. Kada kuma ki ce ai haƙoran nono ne, za su faɗi: ciwonsu yana hana yaro barci da karatu, kuma su ke riƙe wa na dindindin wuri.

Wani uba daga Asawase ya ce: "Ɗana yana da ciwon sukari, ana yi masa allurar insulin. Malama ta ƙwace alawar da muke sa masa a aljihu."

Malam, wannan ya tayar mini da hankali, kada ka bari ya kwana. Alawar ɗanka magani ce. Idan sukarin jininsa ya faɗi, zai fara rawar jiki, gumi, yunwa da ruɗewa, in ba a yi sauri ba ya suma. Ka karɓo takarda daga likitan da ke duba shi, ka kai wa shugaban makaranta da hannunka, ka kuma zauna da malamar ajin, domin wataƙila ba ta san lalurar ba. Ka sanar da ita cewa da ganin alamun sai ta ba shi alawarsa ko cokalin shayi 3 na sukari a ruwa, ta sake dubawa bayan minti 15. Idan ya fita hayyacinsa, ba a ɗura masa komai a baki, asibiti za a kai shi nan take.

Wata kaka daga Sawaba ta ce: "Jikana ba ya cin komai sai biskit. To me zan sa masa?"

Mma, abin da kika saba dafawa ya isa: ƙosai, dafaffen ƙwai, wake da shinkafa, doya da miyar ganye, ayaba, yankan gwanda ko kankana, da gorar ruwa. Zai yi ƙorafi a kwanakin farko, amma yaron da ya ga abokansa na cin irin nasa yakan sauko. Zoɓon gida da aka cika wa sukari bai bambanta da lemon kanti ba, ki rage hannu. Ki kuma kula da zafin garin nan: dafaffen abinci, musamman shinkafa, bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye ya huce ba. Ki zuba shi da zafinsa a kular da ke riƙe zafi.

Wata uwa daga Tafo ta tambaya dalilin da ya sa aka hana gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ajin ɗanta, alhali ba zaƙi ba ne.

'Yar'uwa, gyaɗa abinci ne mai kyau, amma akwai yaran da jikinsu ba ya karɓarta: ɗan kaɗan zai iya kumbura musu leɓe da maƙogwaro har numfashi ya gagara. Mai yiwuwa akwai irinsu a ajin, kuma yara ba sa hana juna abin hannunsu. Ki bar masa ita sai ya dawo gida. In bai kai shekara 5 ba, ki daka ta ko ki niƙa, domin ƙwayar gyaɗa tana iya shaƙe ƙaramin yaro.